Kyamarar tsaro a gida: abin da riyal 300, riyal 1,200 da riyal 4,000 za su saya maka a Jidda da Makka

Tun da rusau ya bi ta kan tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021, irin su Gulail da Sabil da Hindawiyya da Kandara, zaman mutanenmu ya sake kama. A lungu, tsohuwar da ke suyar ƙosai a bakin ƙofa ta san ɗan gidan wa ya wuce, ta kuma san baƙon da ya zagayo sau biyu yana leƙe-leƙe. Yanzu da yawanmu muna cikin imarori masu hawa huɗu da biyar, inda mutum zai shekara bai san sunan wanda suke haɗa bango da shi ba, ga masu kawo saƙo suna hawa suna sauka daga hantsi har tsakar dare. Shi ya sa maganar kyamara ta shigo hirar bayan isha'i, kowa na tambayar wacce zai saya, kuma nawa.

A faɗi gaskiya, a nan Saudiyya ba 'yan fashi muke gudu ba. Abubuwan da ke damun mutane ƙanana ne masu cin rai: kwalin da aka ajiye a bakin ƙofa ya yi ƙafa, motar da aka goge wa fenti da dare ba a san wa ya yi ba, tsohuwar da ake bari ita kaɗai idan kowa ya fita nema a Ramadan ko lokacin aikin Hajji, da gidan da za a kulle wata biyu a tafi hutu Kano ko Damagaram. Kowanne da irin kyamarar da ta dace da shi, kuma kafin aljihu ya yi magana akwai abu biyu da suka riga shi yanke hukunci.

Na farko, gidan naka ne ko haya kake yi? Wanda ke haya a shagga, wato sashe ɗaya na gidan bene, ba shi da ikon huda bangon imara ya ja kebul ta kan bene sai da yardar mai gida, kuma duk abin da ya binne a bango ya bar wa wanda zai gaje shi. Shi ko da yana da riyal dubu biyar, abin da ya dace da shi bai wuce na ɗari uku zuwa biyar ba. Ya ma fara tambayar mai gadin imarar, don sau da yawa akwai kyamara a ƙofar shiga da wurin ajiye motoci tun kafin ya tare. Mai gida da tsakar gida da katanga kuwa, ko wanda ya yi shekaru a gidan haya guda ba ya shirin tashi, lissafinsa daban ne.

Na biyu shi ne wanda masu shago ba sa son a tsaya a kansa: daga nisan mita nawa kyamarar ke nuna fuska? Akwai ma'aunin da masu wannan sana'a ke aiki da shi ko'ina. Kafin a iya tantance baƙon fuska ba tare da shakka ba, ana son ɗigon hoto 250 a kan kowace mita ta faɗin wurin da kyamara ke kallo. Ɗigo 125 ya isa ka gane wanda ka riga ka sani. Ɗigo 25 kuwa iyakarsa ka ce ga mutum can. To, kyamara mai megafiksel 2, wadda ake rubuta wa 1080p a kwali, ɗigo 1,920 gare ta daga hagu zuwa dama. Ka raba da 250, abin da ya fito bai kai mita 8 ba. Yawancin kyamarorin gida idonsu mai milimita 2.8 ne, yana buɗewa fiye da digiri 100, don haka tun a nisan mita 3 faɗin da take kallo ya riga ya cinye mita 8 ɗin. Mutum na ja da baya taku huɗu ko biyar, fuskarsa ta fara narkewa. Mai megafiksel 4 za ta kai ka wajen mita 4, mai megafiksel 8 wajen mita 6. Wannan fa da rana tsaka ne, mutumin yana tsaye wuri ɗaya.

Duk wanda ya riƙe wannan lissafin ya huta da rabin asarar da ake yi. Za ka ga gida an kafa kyamara can saman hawa na biyu tana kallon titi gaba ɗaya, mai gida na ta murna wai tana ganin har bakin masallaci. Ranar da buƙata ta taso, abin da za a samu shi ne saman hula da kafaɗu biyu. Kyamarar ƙofa kada ta wuce mita biyu da rabi daga ƙasa, kuma a sa ta inda dole mai shigowa ya fuskance ta. Idan wurin da ake son gani yana da ɗan nisa, kamar mota a gefen titi, a nemi mai ido milimita 4 ko 6: tana ganin wuri kaɗan, amma tana ganinsa da kyau.

Mu dawo kan kuɗi. Farashi yana motsi, musamman lokacin rangwamen bikin ranar ƙasa a 23 ga Satumba da na watan Nuwamba, don haka a ɗauki lambobin nan a matsayin awon ido.

Da riyal 300 zuwa 400, kasuwarka ita ce ta ƙananan kyamarori masu aiki da Wi-Fi: Tapo na kamfanin TP-Link, Ezviz wanda reshen Hikvision ne, Imou na ɓangaren Dahua, da Xiaomi. Ana samunsu a Jarir da eXtra da noon da Amazon, da shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid a Jidda ko kasuwar Ulayya a Riyad. Ta cikin ɗaki tana kewayen riyal 100 zuwa 150, ta waje mai jure ruwa da ƙura ta ɗan ɗara haka. Ka jona ta a soket, ka haɗa ta da manhaja a waya, cikin minti goma ka gama. Ga mai haya, wadda na fi yabawa ita ce wadda ake sawa a ramin leƙe na ƙofa, Ezviz na da irinta, ko ƙararrawar ƙofa mai kyamara. Tana daidai tsayin fuska, mai ƙwanƙwasawa yana nisan hannu ɗaya, ba a huda komai ba, kuma ranar tashi ka kwance abinka ka sa a jaka.

Wurin da mutane ke yin tsumulmula a wannan matakin shi ne katin ajiya, alhali shi ne kan gaba. Kyamara tana rubutu a kan kati dare da rana, ta cika ta goge ta sake. Katin waya na yau da kullum ba a yi shi don wannan wahalar ba. Yakan mutu shiru, kyamara na ci gaba da nuna maka hoto kai tsaye, kana zaton komai lafiya, sai ranar da ka koma neman abin da ya faru jiya ka tarar da babu komai tun watan da ya wuce. A nemi katin da aka yi musamman don kyamara, irin SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance, kuma a saye shi a shagon da zai ba da rasit, don jabun kati ya yi yawa. Mai gigabait 128, idan kyamarar na naɗa ba tsayawa a kan megabit 1 a daƙiƙa, zai riƙe kwana 11 ko 12. Idan sai ta ga motsi take naɗa, ya fi haka nesa ba kusa ba.

Rauninta uku ne, kuma ba ɓoyayyu ba ne. Katin yana cikin jikinta, wanda ya cire ta ya tafi da shaidar. Wi-Fi ɗin da yawancinsu ke amfani da shi, mai zangon 2.4 GHz, yana shan wahala da bangon kankare da ƙofar ƙarfe, ga shi a imara kowace shagga da tata na'urar Wi-Fi suna ta gogayya. Kafin ka saya, tsaya da wayarka a daidai inda za ka kafa ta, ka rufe ƙofa, ka kunna bidiyo. Idan yana tsinkewa, kyamarar ma haka za ta yi. Na uku, ta cikin ɗaki ta cikin ɗaki ce. Yawancinsu iyakar zafin da aka rubuta musu digiri 40 ne. Masu dabarar ajiye ta a bayan gilashin taga tana kallon waje kuwa, da dare fitilunta na ganin duhu za su bugi gilashin su dawo mata, sai farin haske kawai.

Akwai waɗanda suka fi waɗannan araha, masu kama da ƙwan fitila, marasa sunan kamfani, da manhajar da ba ka taɓa jin sunanta ba. Ni dai ba na ba da shawararsu ko kyauta aka ba ka. Ba wanda ke sabunta musu manhaja, ba kuma wanda za ka riƙe. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban kyamarori da na'urorin naɗi a duniya, ba da wata gwaninta ba, kawai ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta waɗanda masu su ba su taɓa canzawa ba.

Sai maganar biyan wata-wata, wadda ke shigowa ta bayan gida. Kusan kowane kamfani zai yi maka tayin ajiye bidiyonka a rumbunsa ta intanet. A Tapo da Ezviz da Imou zaɓi ne, kana iya tsayawa kan katinka. A kyamarorin kamfanin Ring kuwa, idan ba ka biya ba, kallon kai tsaye da sanarwa kawai za ka samu, abin da ya wuce ya wuce. A ce riyal 15 ne a wata kan kyamara ɗaya: riyal 180 ke nan a shekara, 540 a shekara uku, ya ninka kuɗin kyamarar kanta. Idan uku gare ka, sai ka lissafa. Inda nake ganin ya dace a biya shi ne kyamara ɗaya tak, ta ƙofar shiga, kuma a watannin da aka yi tafiya, don ko an cire ta fuskar wanda ya cire ta riga ta fita daga gidan.

Tsakanin riyal 600 da 1,200 ne hanya ta rabu biyu, kuma a nan aka fi yin zaɓen tumun dare.

Hanya ɗaya ita ce kyamarori masu batir, wasu da ɗan faifan sola: Eufy, Reolink, Arlo, da na su Ezviz da Tapo. Suna da kyan gani, ba kebul ko ɗaya, kuma tallarsu ta fi ta kowa daɗi. Amma a duba yadda suke aiki. Don batir ya daɗe, kyamarar barci take yi. Akwai ɗan firikwensin da ke jin ɗumin jiki. Idan ya ji wani abu mai ɗumi ya gifta, sai ya tashe ta ta fara naɗa. Daƙiƙa ɗaya ko biyun da take ɗauka kafin ta farka sun isa mai sauri ya juya baya, sai ka samu ƙeyarsa. Sannan firikwensin nan bambanci yake nema tsakanin ɗumin mutum da na wurin. Jikin ɗan Adam digiri 37 ne. A Makka da rani zafi yakan haura 45, bango da kwalta kuma sun fi haka. Bambancin ya ragu, jin nasa ya ragu. Ga shi batirin litiyam ba ya son a caje shi sama da digiri 45, yawancin na'urori ma dakatar da caji suke yi a nan, wato a daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi faifan solar bai tsinana komai ba. Ƙura kuma ta zo ta lulluɓe shi, sai an ɗauko tsani. A ƙasashen sanyi kayan nan suna yin abin kirki. A bangon da ke kallon yamma a Shari' Mansur ko Rusaifa a Makka, shekarunsu ba su da yawa.

Suna da wurinsu. Mai garken awaki ko sito a bayan gari, inda ba wuta ba intanet, kyamarar sola mai layin waya na stc ko Mobily ko Zain ita ce kaɗai mafita. Sai dai ya sa ta a inuwa, ya kuma sa kuɗin datar wata-wata a lissafi.

Ɗaya hanyar tsohuwa ce, ba ta da ado, amma tana aiki: na'urar naɗi ta DVR da kyamarori huɗu, kowacce da kebul ɗinta zuwa na'urar. Hikvision da Dahua ne suka cika kasuwar. Tana naɗa dare da rana ba ta jiran motsi, ba ta buƙatar intanet sai idan kana son leƙawa daga waya, kuma ba mai cajin ka ko halala, wato kwabon riyal, a wata. Ga mai ƙaramin gida da ke son ganin ƙofar waje, tsakar gida, wurin mota da hanyar bene zuwa rufi, wannan ya fi masu batir nesa.

Sai dai a buɗe ido wajen ciniki. Farashin da ake rubutawa da manyan lambobi sau da yawa babu faifan ajiya a ciki, babu kebul, babu kuɗin aiki. Faifan kuma ya zama na kyamara, WD Purple ko Seagate SkyHawk, waɗanda aka yi don su yi ta juyawa ba hutu. Ga kuma wata dabara da ba kowa ya sani ba: ƙananan na'urorin DVR da yawa an rubuta musu 1080N ko 1080p Lite. Hoton da kake gani kai tsaye a talabijin ɗin shago garau yake, amma wanda na'urar ke ajiyewa ɗigo 960 ne a faɗi maimakon 1,920, rabi ke nan. Ka koma kan lissafinmu na farko ka ga abin da ya rage na fuska. Ka ce wa mai shago ya naɗa minti ɗaya ya mayar maka da shi baya ka gani, ya kuma faɗa maka hoto nawa take ɗauka a daƙiƙa. Kebul ma iri biyu ne: na jan ƙarfe zalla, da na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka kankare bakin wayar da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ciki, na biyun ne, kuma shi ne ke kawo layi-layi a hoto da mutuwar kyamara da dare idan fitilunta suka ja wuta. Abin da ya fi saurin lalacewa a wannan tsarin shi ne ɗan akwatin da ke ba kyamarori wuta mai bolt 12, sai kawunan kebul da ke yin tsatsa. Duka biyun gyaransu ba tsada.

Daga riyal 2,000 zuwa 4,000 an shiga tsarin na'urar naɗi ta NVR, wanda kyamarorinsa ke aiki da kebul irin na intanet. Kebul ɗaya ne ke kai wuta ya kuma dawo da hoto, har nisan mita 100. Ba soket a kusa da kyamara, ba akwatin wuta daban, ba Wi-Fi da za a yi ta lallashi. Kyamarorin waje na wannan ajin yawanci jikinsu ƙarfe ne, an rubuta musu jure zafi har digiri 60, da alamar IP66 ko IP67 ta hana ƙura da ruwa shiga. Idan gidan naka ne, nan nake cewa a dosa, ko da za a fara da kyamara biyu a ƙara sauran daga baya. Dalili ke nan da ya sa gara a sayi na'ura mai gurbi takwas ko da huɗu ake buƙata yau. Bambancin kuɗin kaɗan ne. A kuma duba tana karɓar ONVIF, yarjejeniyar da ke ba kyamarar wani kamfani damar aiki da na'urar wani.

Mazauna Jidda su kula da wurin haɗin kebul. Iskar teku tana ɗauke da danshi da gishiri, kuma duk wanda ya ga ruwan Nuwamban 2022 ya san garin nan idan ya tashi yin ruwa ba ya wasa. Kowace kyamara tana zuwa da ɗan murfin roba mai zare da ake ɗaure wa kan kebul. Masu gaggawa jefar da shi suke yi su naɗe wurin da salatif, bayan rani ɗaya salatif ya saki, kan ya yi kore. A sa murfin, a ɓoye haɗin cikin akwatin bango, a bi da kebul ta cikin fayif.

Girman faifan ajiya lissafi ne mai sauƙi. Kyamara mai megafiksel 4 da ke matse bidiyo da tsarin H.265, a ce tana cin megabit 3 a daƙiƙa, gigabait 32 ke nan a rana. Huɗu sun ci kusan 130. Faifai mai terabait 2 zai riƙe wajen kwana 15, mai terabait 4 wata guda. Wanda zai tafi gida hutun wata biyu, ko dai ya ƙara faifai, ko ya saita na'urar ta riƙa ajiye lokutan motsi kawai, in ba haka ba abin da ya faru a makon farko ya goge kafin ya dawo. Wuta kuwa ba abin damuwa ba ce: duka tsarin bai fi wat 40 ba, kusan yunit (kilowat-awa) 29 a wata, a kan halala 18 kowanne, riyal biyar da 'yan kai. Ƙaramar na'urar UPS, wato batirin ko-ta-kwana, tana da amfani ko da ba a cika ɗauke wuta a nan ba, don mai mugun nufi ya san inda mitar gida take.

Abin da ƙarin kuɗin ke saya da gaske shi ne dare da hankali. Da dare, girman allon da ke karɓar haske a cikin kyamara ya fi yawan megafiksel muhimmanci: mai megafiksel 4 da allo 1/1.8 takan doke mai megafiksel 8 da ƙaramin allo 1/2.8. Masu nuna launi cikin dare, ColorVu a Hikvision da Full-color a Dahua, za su gaya maka launin riga da na mota, abin da baƙi-da-fari ba zai yi ba. Sai dai farar fitilarsu tana tara ƙwari, wani lokaci ta dami maƙwabci. Ƙwan fitila mai kyau a saman ƙofa, na riyal ashirin ko talatin, yana gyara hoton kowace kyamara fiye da yadda ake zato. Ƙofar da ke cikin inuwa alhali bayanta rana ce ƙwal tana buƙatar kyamara mai WDR na gaske, wato fasahar daidaita haske da inuwa, wanda ake rubuta wa 120 dB, in ba haka ba duk mai shigowa baƙin inuwa zai fito. Hankalin kuwa shi ne iya bambanta mutum da mota daga sauran motsi, AcuSense ko WizSense a yaren kamfanonin biyu. Wanda ya san yawan magen titi a garuruwan nan ya san darajar wannan. Wayar da ke ƙara sau hamsin a dare saboda mage, a mako na biyu mai ita zai kashe sanarwar gaba ɗaya.

Sama da haka akwai masu juyawa da zuƙowa, da tsarin UniFi na masu son komai ya zama tsaf. Ga gidan zama, ban ga abin da suka ƙara ba. Mai juyawa ma idan tana kallon gabas, yamma a buɗe take.

Ko DVR ko NVR, kada a ajiye na'urar a ƙarƙashin talabijin ɗin falo inda kowa ke gani; tamkar ka kulle ƙofa ne ka bar makulli a jikin kwaɗo. A nema mata saman kabad ko ɗakin ajiya mai iska, ba wanda rana ke gasawa ba.

Ranar haɗawa, ka tsaya a kan aikin. Za ka ji mai haɗawa ya ce, "Alhaji, bari in buɗe maka a wayata, ya fi sauri, sai in tura maka." Ka ce masa, "A'a Malam, a tawa za a buɗe, da lambata." Na'urorin nan, a manhajojinsu na waya irin su Hik-Connect ko DMSS ko Ezviz, asusun da ya fara rajistarsu shi ne mai su. Idan nasa ne, kai baƙo ne a gidanka: yana iya kallo duk lokacin da ya ga dama, kuma ranar da ya bar ƙasar ka shiga zarya. Kalmar sirri kai za ka rubuta da hannunka, ka kunna tabbaci mai mataki biyu, ka kuma riƙa karɓar sabuntawa idan ta zo. Manyan kamfanonin ma ba su tsira ba: a 2021 an gano wata babbar ɓaraka a kyamarorin Hikvision da yawa, kamfanin ya fitar da gyara, amma gyaran bai amfani wanda bai sauke shi ba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da harajin kashi 15 cikin 100, don da shi ne za ka nemi garantin shekara biyu da ake ba kayan lantarki a ƙasar nan. Kayan da aka yi odarsu daga waje, ko aka saya hannu da hannu, ba su da wannan gatan.

Akwai kuma abin da ba kuɗi ke yanke shi ba. Gidajenmu gidajen mata ne da ke zaune ba mayafi, da baƙi da ke sauka daga gida su yi makonni. Kyamara a ɗakin kwana ko inda mata ke sakewa, ni ban ga hujjarta ba, kowane kamfani ne ya ƙera ta. Idan don Hajiya ce da aka bari ita kaɗai, a sa a falo ko hanyar kicin, da saninta da yardarta, a zaɓi irin wadda ke rufe idonta idan an danna, a kuma gaya wa duk wanda ke kwana ko aiki a gidan. Ta waje kuma kada ta leƙa ƙofar maƙwabci ko tagarsa. Kusan kowace na'ura tana ba da damar shafe wani sashe na hoton da baƙi.

Hukuma ma ta yi magana. Dokar kyamarorin tsaro da ta fito a 2022 ta wajabta su a wurare irin su kasuwanni, otal-otal, asibitoci da makarantu, ba ta kuma shafi wadda mutum ya sa a cikin gidansa na zama ba. Amma ta sa tarar riyal 20,000 ga wanda ya yaɗa ko ya fitar da bidiyon kyamarorin da take magana a kansu ba bisa izini ba, don haka kada a matsa wa mai gadi ko mai shago ya turo maka. Dokar laifukan intanet ta 2007 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya keta sirrin wani ko ya ɓata masa suna ta wannan hanya. Ɗabi'armu ta jefa bidiyon wanda ake zargi a zauren WhatsApp na 'yan gari, a ce jama'a ku taya mu gane shi, tana iya mayar da mai ƙara wanda ake ƙara.

Idan wani abu ya faru, a kwafe bidiyon a filasha a ranar, tun na'ura ba ta goge shi ba, a haɗa da 'yan mintoci kafin abin da bayansa. A kira 911 a yankin Makka da Riyad, ko a shigar da rahoto ta manhajar Kulluna Amn, a miƙa wa jami'ai. Abu na farko da za a duba a jikin bidiyon shi ne rana da lokaci, kuma na'urori da yawa suna fitowa daga kwali da agogon Sin, awa biyar gaba da namu. A saita shi kan lokacin Riyad tun ranar haɗawa, a kuma kunna masa daidaita kansa ta intanet.